Kowane Ofis da Nasa Fayil: Waiwaye Kan Ajiyar Bayanai Kafin Zuwan Rumbu

A shekarar 1880 Amurka ta ƙidaya jama'arta, ta samu mutum miliyan 50 da 'yan kai. Bi gida-gida bai ɗau wani dogon lokaci ba. Abin da ya ci shekaru shi ne tattara amsoshin, domin malaman ofis ne ke zaune da tulin takardu suna bin su ɗaya bayan ɗaya suna jan layi: wannan namiji, wannan mace, wannan manomi, wannan haifaffen Jamus. Kusan shekara takwas aka share ana wannan aiki. Ga tsarin mulkin ƙasar ya wajabta ƙidaya duk bayan shekara goma, ga baƙi na ta kwararowa daga Turai. Hukuma ta hango cewa in aka tafi a haka, wata ƙidayar za ta zo ta tarar ba a gama da ta baya ba.

Wani matashin injiniya mai suna Herman Hollerith, wanda ya taɓa aiki a ƙidayar 1880, shi ya kawo dabara. Kowane mutum da aka ƙirga a ware masa kati guda, a huda katin a wurare na musamman. Huda a nan na nufin namiji, huda a can na nufin mai aure. Sai a shimfiɗa katin a ƙarƙashin wani murfi mai allurai, a danna. Allurar da ta faɗa kan huda sai ta zarce ta taɓa ruwan zaiba da ke ƙasa, lantarki ya haɗu, hannun ɗaya daga cikin agogunan da ke jikin na'urar ya matsa gaba da ɗaya. Da wannan aka yi ƙidayar 1890, kuma shekarar ba ta ƙare ba sai da aka sanar da jimillar, kusan mutum miliyan 63. Hollerith ya kafa kamfaninsa a 1896, aka haɗe shi da wasu a 1911, a 1924 kuma haɗakar ta ɗauki sunan IBM.

Daga wannan kati aka gaji siffar da ajiyar bayanai ta ɗauka har tsawon shekaru saba'in. Kati ɗaya shi ne bayanin mutum ɗaya ko kaya ɗaya. Tarin katunan da suka shafi abu guda shi ne fayil. A 1928 IBM ta fito da katin da ya zama gama-gari, mai gurbi 80, kowane gurbi na ɗaukar alƙalami guda, daga baya har da harafi. Komai za ka faɗa game da mutum, sai ka matse shi cikin gurbi tamanin ɗin nan. A ce katin albashi ne: gurbi shida na farko lambar ma'aikaci, ashirin na gaba sunansa, shida ranar haihuwarsa, biyar kuɗin da yake ɗauka, haka dai har a cike. To amma katin kansa bai faɗi ko ɗaya daga cikin wannan ba. In ka ɗaga shi ka duba, huda kawai za ka gani. Sanin cewa gurbi na 33 zuwa na 37 albashi ne yana cikin wayoyin da aka jona a allon na'ura, yana kuma cikin kan wanda ya jona su. Mai karatu ya riƙe wannan, domin a ganina duk wahalar da ta biyo baya nan tushenta yake.

Kada dai a raina katin. Da shi Amurka ta buɗe wa ma'aikata kusan miliyan 26 asusun fanshon tsufa bayan dokar 1935, aikin da babu rundunar akawun da za ta iya shi da hannu. Kwali guda na ɗaukar kati 2,000. Masu aikin kan ja layi a karkace da alƙalami mai kauri a saman jerin katunan, don in tsautsayi ya sa kwali ya kife a ƙasa, a bi layin a mayar da kowane kati mazauninsa.

Da kwamfuta ta shigo ofis, ba ta canza siffar nan ba, sauri kawai ta ƙara mata. A 1951 hukumar ƙidayar Amurka ta karɓi UNIVAC ta farko, wadda ke ajiye bayanai a kan tef mai maganaɗisu. A wannan shekarar dai, a Landan, kamfanin Lyons, mai gidajen shayi da gasa burodi, ya fara amfani da kwamfutar da ya ƙera wa kansa, LEO, wajen lissafin kuɗin kayan da gidajen gashinsa ke fitarwa kowane mako. A 1954 ta fara yi masa lissafin albashi. IBM 1401 da ta fito a 1959 ita ta kai kwamfuta ga matsakaitan kamfanoni, an ƙera fiye da 10,000. Yawancin irin waɗannan, abin da suka yi shi ne kwashe katunan su jera su a kan tef, wannan bayan wannan.

Wanda ya yi zamani da kaset ɗin rediyo ya san halin tef: in waƙar da kake so tana tsakiya, ba ka da hanyar kai wa gare ta sai ka ja duk abin da ke gabanta. Naɗin tef guda na kwamfuta ya kai ƙafa 2,400. Saboda haka ba a taɓa bayanin mutum ɗaya a gyara shi kaɗai. Tarawa ake yi, a yi aikin gaba ɗaya, galibi da dare.

Bari mu leƙa yadda daren yake. A ce kamfani ne mai ma'aikata 20,000. Duk sauyin da ya faru cikin mako, wanda aka ɗauka, wanda aka sallama, wanda aka ƙara wa girma, ana cika fom a kai sashen huda. Masu huda, yawancinsu mata, su buga kowane fom a kan kati, wata kuma ta sake buga shi a kan na'urar tantancewa don a kama kuskure. Sai a jera katunan bisa lambar ma'aikaci, daga ƙarama zuwa babba, a juye su kan tef. Da dare mai kula da na'ura ya ɗora tef uku: tsohon babban fayil, fayil ɗin sauye-sauye, da sabon tef wanda babu komai a kai, wanda sai an saka masa wani zoben roba a baya kafin na'ura ta yarda ta yi rubutu a kansa. Manhaja ta karanto mutum ɗaya daga tsohon fayil, ta gwada lambarsa da ta sauyin da ke kan layi. In ba su dace ba, ta kwafe shi yadda yake zuwa sabon tef. In sun dace, ta gyara sannan ta rubuta. Ko da mutum 200 kacal sauyin ya shafa, sai an karanta dukan 20,000 an sake rubuta su. Kati ɗaya ya kauce wa jeri, aikin ya tsaya, a buga wa mai manhaja waya a tashe shi daga barci. In an gama lafiya, sabon tef ya zama babban fayil, amma ba a goge na baya ba. Ana riƙe zuriya uku, masu sana'ar suna ce musu kaka, uba da ɗa, don in ɗan ya lalace a koma wa uban a sake haifo shi.

Tunda komai ya dogara da jeri, jerawa ta zama rabin sana'ar. Donald Knuth ya kawo a littafinsa na 1973 cewa masu ƙera kwamfuta na shekarun 1960 sun ƙiyasta fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na lokacin aikin na'urorinsu a kan jera bayanai yake tafiya.

Ni ban ga wauta a wannan tsari ba. Ya dace da na'urar da ake da ita, kuma ga aikin da ake maimaitawa iri ɗaya kowane wata, irin biyan albashi ko fitar da takardar kuɗin wuta, har gobe da wuya a fi shi sauƙi. Matsala ta fara ne lokacin da kamfani ya ji daɗin fayil ɗaya ya buɗe na biyu, ya buɗe na goma.

Kowane sashe da ya ga amfanin kwamfuta sai ya nemi a rubuta masa tasa manhajar, manhajar kuma ta zo da nata fayil, an yanka shi daidai buƙatarta. Sashen ma'aikata na da sunan mutum da adireshinsa. Sashen albashi na da su. Sashen fansho na da su, asibitin kamfani ma haka. Wuri huɗu, bayani ɗaya. Asarar tef ita ce ƙaramar ɓarna a nan. Babbar ita ce ranar da mutumin ya tashi daga gidansa: ya gaya wa sashen ma'aikata, aka gyara, sauran ukun ba su ji ba. Mace ta yi aure ta ɗauki sunan miji bisa al'adarsu, sai ta zama mutum biyu a kamfani guda. Ma'aikaci ya rasu, an rufe sunansa a wannan fayil, wancan kuwa na ci gaba da fitar masa da albashi. In fayil biyu suka saɓa, babu mai raba gardama, don babu wanda aka naɗa a matsayin na asali. Kowane sashe cewa yake nasa ne daidai.

Matsala ta biyu ta fi wannan ciwo, kuma ita ce gadon katin Hollerith kai tsaye. Harshen COBOL, wanda aka tsara a 1959 don ayyukan kasuwanci, ya tanadi wani ɓangare a farkon kowace manhaja inda mai rubutu zai zayyana fasalin fayil: wannan gurbi tsawonsa kaza, na gaba kaza. Wato bayanin yadda fayil yake, a cikin manhaja yake zaune. In manhaja arba'in ke karanta fayil guda, arba'in ɗin kowace na ɗauke da wannan zayyana a cikinta. Yanzu a ce an buƙaci ƙara gurbi. A 1963 gidan wayar Amurka ya ƙirƙiro lambar yanki mai alƙaluma biyar da za a riƙa liƙa wa kowane adireshi. Inda ba a bar sarari ba, cusa gurbi biyar ɗin nan na ture duk abin da ke bayansu. Manhajar da ba ruwanta da adireshi, wadda albashi kawai take nema, za ta je inda ta saba ta ɗauko wani abu daban, kuma ba za ta san ta yi kuskure ba. Dole a bi su duka a gyara, a sake gwada su, a sake juye fayil ɗin kansa.

Ingila ta ɗanɗana wannan a faɗin ƙasa baki ɗaya. A lokacin kuɗinta fam ne da sule da kwabo, kwabo 12 sule guda, sule 20 fam guda, lissafin da dattawanmu suka sani sarai kafin naira ta zo a 1973. Fayilolin bankuna da kamfanoni an gina su da gurbi uku na kuɗi, manhajojin kuma sun san su kai sha biyu su juya, su kai ashirin su juya. Da aka tsayar da ranar 15 ga Fabrairu, 1971 don komawa fam mai kwabo 100, duk fayil da duk manhajar da ta taɓa kuɗi sai da aka buɗe ta. Ba mamaki masu rubuta manhaja na wancan zamani suka riƙa kukan cewa gyaran tsoho ya hana su ƙirƙirar sabo.

Sai kuma tambayar da ba a shirya mata ba. Manaja ya ce yana son sanin ma'aikata nawa ne suka haura shekara hamsin a reshe kaza waɗanda ba su shiga tsarin fansho ba. Amsar tana cikin ginin, ba shakka. Amma rabinta na fayil ɗin ma'aikata wanda aka jera bisa lamba, rabinta na fayil ɗin fansho wanda aka jera bisa suna, wataƙila ma da harsuna biyu aka rubuta manhajojinsu. Sai an rubuta sabuwar manhaja, an sake jera fayil ɗaya, an nemi lokaci a kan na'ura. Makonni su wuce. Kafin amsa ta iso manaja ya riga ya yanke hukunci da ka.

An yi zaton faifai zai warware komai. A 1956 IBM ta fito da RAMAC, wadda ke da faifai 50 a jere a kan sanda guda, kowane faɗinsa inci 24, dukansu na ɗaukar harafi miliyan 5. A kan faifai hannun na'ura na iya tsallakawa kai tsaye inda bayani yake. A shekarun 1960 aka samu fayil mai fihirisa, wanda ke nuna wa manhaja wurin da lamba kaza take ba sai ta bi jeri ba. Kamfanin jiragen American Airlines ya nuna abin da hakan ke iya yi da tsarinsa na SABRE, wanda ya kankama a 1964: wakili a kowane gari ya duba kujera ya sayar nan take.

An gudu ba a tsira ba. A da, cikin dare manhaja ɗaya ke taɓa tef, ba mai yi mata katsalandan. Yanzu mutane da yawa ne a kan fayil guda lokaci guda. Asusu na da dala 500. Mai karɓar kuɗi a wannan kanta ya karanta 500, zai ƙara 100. Na wancan kanta shi ma ya karanta 500, zai cire 200. Na farko ya rubuta 600, na biyu ya biyo baya ya rubuta 300 a kai. Abin da ya kamata a gani 400 ne, kuma babu ɗayansu da ya yi laifi. Ko kuma ana cikin tura kuɗi, an cire daga wannan fayil, kafin a zuba a wancan wuta ta ɗauke. Ga batun sirri: fayil ko dai a ba ka shi duka ko a hana ka, don haka wanda aka ba don ya ciro adireshi yana kallon albashin kowa. Duk waɗannan ana iya magance su, ana ma magance su, amma kowace tawaga da tata dabarar, a cikin kowace manhaja daban. Kowa tasa ta fisshe shi.

Mutumin da ya fara haɗa maganin wuri guda shi ne Charles Bachman, a kamfanin General Electric, farkon shekarun 1960. Tsarinsa, IDS, ya tara bayanan masana'anta a ma'ajiya guda a kan faifai, ya sa wata manhaja ta zama mai gadi a tsakani. Duk manhajar da ke son karatu ko rubutu, ta nan za ta bi. A gefe guda kuma shirin Apollo na zuwa wata ya buƙaci lissafin miliyoyin sassan roka da kumbo, wane ƙarfe ke cikin wane, sai IBM da kamfanin da ke ƙera kumbon suka gina tsarin da ya fara aiki a 1968, wanda ya zama IMS. Waɗannan su ne rumbunan bayanai na farko. Sun rage maimaici, sun ɗauke wa mai manhaja nauyin gadi, amma ba su raba shi da sanin hanya ba. Bayanan a ɗaure suke da juna ta sarƙoƙin da aka ƙulla tun farko, kuma mai tambaya sai ya bi sarƙa daga wannan zuwa wancan. Tambayar da ba a ƙulla mata sarƙa ba har yanzu tana da wuyar amsawa.

Edgar Codd, Bature ɗan Ingila, masanin lissafi da ke aiki da IBM a San Jose, shi ya yanke wannan igiya a wata maƙala da ya buga a watan Yunin 1970. Ya ce a ajiye komai a jadawali mai sauƙi, layi-layi, a bar alaƙa ta fito daga bayanan kansu, misali lambar ma'aikaci da ke cikin jadawali biyu. Mai tambaya ya faɗi abin da yake so, nemo hanya aikin rumbu ne. Sannan fasalin bayanan a ajiye shi cikin rumbun, don in an ƙara gurbi, manhajar da ba ta nemi gurbin ba kada ta ji ko a jikinta. Kamfaninsa bai yi rawar jiki ba, IMS na kawo kuɗi. Masu sana'a da yawa sun ce abin ya yi kyau a takarda amma na'ura ba za ta iya ɗaukarsa ba, har aka yi zazzafar muhawara tsakanin ɓangaren Codd da na Bachman a 1974. Gwaji biyu suka kashe bakin masu shakka: System R a IBM, inda harshen SQL ya fito, da Ingres a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. Oracle ta riga kowa kai SQL kasuwa a 1979, IBM ta biyo da DB2 a 1983. Jim Gray da abokan aikinsa kuma suka kafa ƙa'idar da ta magance matsalar kanta biyu da ta ɗaukewar wuta: aiki ko dai ya kammala duka, ko a mayar da komai kamar ba a fara ba.

A nawa ganin, ɓangaren na'ura shi ne mai sauƙi a wannan sauyi. Rumbu na nufin sashen albashi ya sakar wa wani fayil ɗinsa, ya yarda cewa sunan ma'aikaci a wuri guda yake kuma wani ne zai gyara shi. Wanda ya san ofis ya san ba a sakin irin wannan da daɗin rai. Shi ya sa tsofaffin fayiloli suka daɗe fiye da yadda kowa ya zata. Gurbi biyu da aka tsimi ta hanyar rubuta 65 maimakon 1965 su suka sa duniya kashe biliyoyin daloli gab da shekarar 2000. A watan Afrilun 2020 gwamnan jihar New Jersey ya fito yana cigiyar waɗanda suka iya COBOL, saboda tsarin biyan marasa aiki ya kasa ɗaukar cunkoson lokacin korona. A Oktoban wannan shekarar kuma aka gano cewa sakamakon mutum 15,841 da suka kamu da cutar a Ingila ya salwanta daga lissafi na kwanaki, domin ana tattara fayilolin ɗakunan gwaji ne cikin tsohon samfurin Excel wanda ba ya wuce layi 65,536. Abin da ya haura haka sai ya zube, ba tare da kowa ya sani ba.

Mu ma nan ba baƙon abu ba ne. Duk wanda aka taɓa mayar da shi gida saboda a wannan takarda Muhammad ne, a waccan Mohammed, ko ranar haihuwarsa ta sha bamban tsakanin katin ɗan ƙasa da asusun banki, ya gamu da ciwon da kamfanonin Amurka suka yi fama da shi a 1960. Kafin Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar da lambar BVN a Fabrairun 2014, kowane banki da nasa fayil ɗin masu hulɗa, mutum ɗaya na iya zama mutum biyar a bankuna biyar. A farkon 2016 ma'aikatar kuɗi ta tarayya ta gwada jerin masu karɓar albashi da wannan lamba, ta sanar da cire sunaye sama da 23,000. Kwamfuta na nan a ma'aikatun tun kafin lokacin. Abin da babu shi ne lamba guda da za ta haɗa fayil ɗin albashi da na banki.